Yadda Ake Ɗumama Abincin da Ya Kwana Ba Tare da Ya Rasa Daɗinsa Ba

Duk wanda yake zaune a Makka ko Jidda ko Madina ya san ragowar abinci ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Ana dawowa daga walima ko suna da rabin tiren kabsa, wato shinkafa da nama irin ta Saudiyya, a watan azumi maƙwabta suna aiko da sambusa da miya fiye da abin da mutanen gida za su iya cinyewa, ga kuma tuwon dare wanda da ma da niyyar ɗumamen safe ake tuƙa shi. Wani bincike da hukumar kula da hatsi ta Saudiyya ta fitar a shekarar 2019 ya nuna cewa kusan kashi 33 cikin ɗari na abincin ƙasar nan asararsa ake yi, abin da kuɗinsa ya kai kimanin riyal biliyan 40 a shekara. A iya abin da na gani a shekarun da na yi ina yi wa iyali da baƙin Umara girki, yawancin abin da ake zubarwa a gida ba lalacewa ya yi ba. An dai ɗumama shi ne ta hanyar da ba tasa ba, sai ya fito a bushe ko a caɓe, yara suka ture faranti, aka kwashe aka zubar.

Kayan da ake buƙata

Babban abin da aikin ya dogara a kai shi ne tukunya mai kaurin gindi wadda murfinta yake rufuwa ruf, domin tukunya marar kauri tana ƙona ƙasan abinci tun samansa bai ji wuta ba. Wanda ba shi da irinta sai ya ɗora tsohon kasko a kan wutar, sannan ya ɗora tukunyarsa a kan kaskon, zafin zai bazu daidai. Ana kuma buƙatar kasko mai faɗi, da madambaci. Idan babu madambaci, kwandon ƙarfen da ake tsane shinkafa yana yin aikin, muddin ya zauna a bakin tukunya ba tare da ya taɓa ruwan da ke ƙasa ba. Sai robobi masu murfi marasa zurfi na ajiya a firiji, da takardar alminiyam, da cokalin katako, da cokali mai yatsu na warware shinkafa.

Obin da maikirowef da na'urar suya da iska suna sauƙaƙa aiki, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya zama dole. Ma'aunin zafin abinci, irin mai tsinin da ake sokawa cikin nama, yana da amfani ga mai girki da yawa. Daga ɓangaren kayan ci kuwa, a tanadi ruwan zafi, da romon nama ko na kaza idan akwai, da ɗan man shanu ko man girki, da albasa, da lemon tsami.

Mataki na ɗaya: a gyara ajiyar tun daren

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma babu dabarar ɗumame da za ta ceci abincin da aka yi wa mummunar ajiya. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 ajiye a fili. Idan zafin wurin ya haura digiri 32, masana suna rage wa'adin zuwa awa 1 kacal, kuma ɗakin girki a Makka yana kai haka a watanni da yawa na shekara, balle a lokacin bazara da zafin waje yake wuce digiri 40. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta maye gurbin firiji, domin sanyin falo mai digiri 22 yana nan cikin iyakar da ƙwayoyin suke jin daɗinta.

Tun kafin a kai tire gaban jama'a, idan an ga abincin ya fi ƙarfin masu ci, a ɗebe abin da za a ajiye a gefe. Shinkafar da hannuwa suka shiga, aka kwarara mata dakkus, wato miyar tumatir mai yaji, da ruwan salak, ba ta jure kwana kamar wadda aka ɗebo daga tukunya da cokali mai tsabta. Da zarar an naɗe sufura, wato shimfiɗar da ake cin abinci a kai, sai a rarraba komai: nama daban, shinkafa daban, miya daban, soyayyun abubuwa daban. A baza shinkafa a faranti mai faɗi, kaurinta kada ya wuce yatsu uku, ta sha iska na minti 20 zuwa 30, sannan a juye ta cikin roba a rufe a sa a firiji. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tura babbar tukunya ɗungurungum cikin firiji. Gefenta zai yi sanyi, amma tsakiyarta tana daɗewa da ɗumi har tsakar dare, kuma tana ɗumama madara da sauran abin da ke kusa da ita. Miya mai yawa a raba ta cikin ƙananan robobi, ko a tsoma gindin tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi ana juyawa. A tuna cewa ruwan famfo da ya sauko daga tankin saman bene da zafinsa yake zuwa a lokacin bazara, saboda haka sai an jefa masa ƙanƙara.

Shinkafa tana da nata hukunci na musamman. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda take zuwa tun a ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta, kuma idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe cikin ɗumi sai ta farfaɗo ta fitar da guba mai sa amai cikin 'yan awoyi. Wannan gubar ba ta mutuwa da zafin ɗumame, ko da an soya shinkafar ne. Don haka ɗabi'ar barin shinkafa a cikin kula tun daga buɗa-baki har zuwa sahur tana da haɗari, domin kula tana riƙe zafi ne na 'yan awoyi, daga nan sai ta koma riƙe ɗumin da cutar take so. Gara a sanyaya ta, a sa a firiji, a ɗumama da asuba.

Game da tsawon ajiya, miya da dafaffen nama da kaza suna iya kwana 3 zuwa 4 a firijin da sanyinsa bai haura digiri 5 ba. Shinkafa a cinye ta washegari, kifi kuma kada ya wuce kwana 2. Abin da aka san ba za a ci cikin wannan wa'adi ba a sa shi a firiza tun ranar farko, kashi-kashi daidai cin sau ɗaya, a rubuta kwanan wata a jikin robar.

Mataki na biyu: a duba kafin a kunna wuta

A buɗe robar a sansana. Idan an ji tsami a abincin da ba da tsami aka dafa shi ba, ko aka ga yauƙi a jikin shinkafa ko nama, ko kumfa a saman miya, ko fumfuna, ko murfin robar ya kumbura, to a zubar, kuma kada a ɗanɗana don a tabbatar. Sai dai rashin wari ba shaidar lafiya ba ne, saboda shinkafar da ta kwana a fili tana iya zama fes a ido da hanci alhali da gubarta. Lissafin awoyin da ta yi a waje shi ne alƙali.

A ɗebi abin da za a cinye kawai, a mayar da saura firiji nan take. Abin da ya fito daga firiza a sauko da shi ƙasan firiji tun dare ya narke a hankali. Miya ce kawai nake jefawa tukunya da ƙanƙararta, da ɗan ruwa a ƙasa, a kan ƙaramar wuta.

Mataki na uku: a gane abin da abincin ya rasa

Abincin da ya kwana kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne wanda sanyi ya taurara: shinkafa, tuwo, dambu, alale, taliya da burodi. Sitacin da ke cikinsu yana ƙanƙancewa idan ya huce, yana fitar da ruwan da ya sha a lokacin dahuwa, kuma zafi tare da laima ne suke sake kwance shi. Irin waɗannan tururi suke so, da murfi a rufe. Kashi na biyu shi ne wanda ya yi laushi bayan da ma ƙamas yake: soyayyar kaza, sambusa, ƙosai, soyayyen dankali. Su ruwan cikinsu ne ya fito ya jiƙa ɓawon, don haka busasshen zafi suke so, babu murfi, babu ruwa ko ɗigo. Wanda ya rufe sambusa a tukunya, ko ya zuba shinkafa a busasshen kasko, ya ba kowannensu maganin ɗan'uwansa ne. Miya tana tsakiya: ƙaramar wuta, ɗan ruwan zafi, da juyawa.

Mataki na huɗu: shinkafa irin su kabsa, mandi da buhari

A cire naman a ajiye gefe, domin lokacin da yake buƙata ba ɗaya ba ne da na shinkafa. A shafa ɗan man shanu ko mai a gindin tukunya, a zuba shinkafar, a farfasa dunƙulenta da yatsu ko da cokali mai yatsu tun tana da sanyi. Idan aka bari sai ta yi zafi, doguwar shinkafar basmati karyewa take yi. A yayyafa cokali 2 na ruwa ko romo ga kowane kofi ɗaya na shinkafa. Yayyafawa ake yi ko'ina, ba a kwarara shi wuri guda. A rufe ruf, a sa wuta can ƙasa, a bar ta minti 8 zuwa 10 ba tare da yawan buɗewa ba, sannan a juya sau ɗaya daga ƙasa zuwa sama, a sake rufewa na minti 2 ko 3. Idan murfin yana ɗigo da ruwa a kan shinkafar, a shimfiɗa tsumma mai tsabta a bakin tukunyar kafin a rufe, a naɗo gefunansa sama yadda wuta ba za ta lashe shi ba.

Idan shinkafar tana da yawa, madambaci ya fi tukunya, saboda ba ta kamawa kuma tana fitowa wara-wara. Sai dai tururi yana wanke ɗan maiƙonta, shi ya sa ake ɗiga mata man shanu bayan an sauke.

Mandi ƙamshin hayaƙi ne darajarta, kuma shi ne abin da firiji yake fara kwashewa. Ana dawo da shi cikin sauƙi. Bayan shinkafar ta yi zafi an mayar da naman kanta, a kashe wuta, a buɗe ɗan gurbi a tsakiya, a ajiye ƙaramin kofin ƙarfe ko takardar alminiyam da aka lanƙwasa kamar kofi, da cokali ɗaya na mai a ciki. A ɗauko garwashi ɗaya wanda ya yi ja sosai a jefa cikin man. Nan take zai yi ƙara, farin hayaƙi ya turnuƙe, sai a yi maza a rufe na minti 3 zuwa 5, sannan a cire kofin a hankali kada toka ta zuba. Da gawayin itace ake yin wannan. Gawayin turaren wuta mai kamawa da ashana ɗaya yana da sinadarai, kuma warinsa zai ɓata tukunyar baki ɗaya.

Salig, shinkafar da ake dafawa da romo da madara, daskarewa take yi ta zama gaya guda. A zuba mata madara ko romo mai zafi kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da cokalin katako a ƙaramar wuta har ta koma laushinta ta fara ɓulɓula. Farar shinkafa kuwa, a ganina, soya ta ya fi ɗumama ta: a soya albasa a kasko mai zafi sosai, a fasa ƙwai, a zuba shinkafar ana juyawa har kowane ɓangare ya ɗauki zafi.

Mataki na biyar: tuwo da miya

A can gida ƙasar Hausa, musamman a lokacin hunturu, tuwo yana kwana a ƙwarya a wayi gari lafiya lau, kuma da yawa daga cikinmu da wannan sabon muka zo. Zafin Hijaz ba ya barin haka, kuma tuwon shinkafa hukuncin shinkafa ne a kansa. A bar malmala ta huce kaɗan, a sa ta a firiji.

Da safe a fara cire ledar da aka naɗe tuwon a ciki. Ba a yi ta don ta shiga tafasasshen ruwa ba. A zuba ruwa a tukunya, zurfinsa kamar yatsu biyu, a sa ɗan gishiri, a bari ya tafasa. A yanka kowace malmala gida uku ko huɗu, domin idan aka jefa ta ɗungum samanta zai narke tsakiyarta tana nan da sanyi. A jera yankan a ciki, a rufe, a rage wuta, a bar shi minti 10 zuwa 15, a juya sau ɗaya a tsakani. Tuwon masara da na dawa suna jure zama cikin ruwan, har ma wannan ɗan laushin da bayansu yake yi shi ne abin da masu son ɗumame suke nema. Tuwon shinkafa da na semo kuwa saki suke yi idan suka sha ruwa, don haka a ɗora su a madambaci ko a kwandon ƙarfe su turaru. Iyayenmu kara suke jerawa a gindin tukunya su ɗora tuwon a kai. A nan da babu kara, ƙaramin farantin ƙarfe da aka kife a gindin tukunya yana yin wannan aikin. Don a gane ko zafi ya ratsa, a soka wuƙa har tsakiyar yanka mafi kauri, a bar ta daƙiƙa biyar, a zaro a taɓa ta a bayan hannu. Idan ɗumi kawai aka ji, da saura.

Miyar kuka tana kwana ta yi kauri ta daskare. A sa ta a ƙaramar wuta, a zuba ruwan zafi kaɗan, a riƙa kaɗawa har ta haɗe jikinta ta tafasa, sannan a sauke. Ruwan sanyi yana sa ta gudaji, doguwar ɓararraka kuma tana tsinka ta. Haka ake yi wa miyar kuɓewa da mulukiyya, wato miyar lalo, kuma ni ba na rufe su a wuta, don yauƙinsu ya fi tsayawa a buɗe. Miyar taushe da ta gyaɗa da ta agushi su ne masu saurin kamawa, sai an tsaya a kansu ana kai cokali har gindin tukunya. Idan aka yi rashin sa'a ta kama, kada a kankare; a juye saman cikin wata tukunyar a ci gaba, domin kankarewa ce take yaɗa ƙauri cikin miyar duka. Miyar dage-dage ba ta da matsala, sau da yawa ma ta kwana ta fi ta ranar daɗi, saboda kayan ƙamshi sun ratsa naman.

Kada a ƙara gishiri ko dunƙulen ɗanɗano sai bayan miyar ta tafasa an ɗanɗana, domin ruwan da ya ƙone ya riga ya ƙara mata gishiri. Man shanu da yaji a faranti ake zuba su, ba a tukunya ba.

Mataki na shida: nama, kaza, kifi da soye-soye

Naman da aka ciro daga kabsa ko mandi a zare shi daga ƙashi idan manyan yanka ne, a sa a kasko da cokali 3 ko 4 na romo, a rufe a matsakaiciyar wuta har tururi ya ratsa shi, sannan a buɗe na minti ɗaya ko biyu ruwan ya tsotse. A obin kuwa a naɗe shi da takardar alminiyam tare da ɗan romon, a zafin digiri 160, na minti 15 zuwa 20. Ƙirjin kaza shi ya fi saurin bushewa, gara a yayyanka shi a tsoma cikin miya mai zafi.

Tsire, wanda ake kira siriya a nan, ƙuli-ƙulin jikinsa yana ƙonewa ya yi ɗaci idan ya haɗu da babbar wuta. A cire tsohuwar albasa da tumatirin da suka kwana tare da shi, a ɗiga masa mai, a naɗe da alminiyam a ɗora a kasko a ƙaramar wuta ana juya ƙunshin, a yanka masa sabuwar albasa. Kifi ma ƙaramar wuta yake so da ɗan gajeren lokaci, da matsin lemon tsami bayan an sauke don ya kashe ƙarni.

Soyayyar kaza irin ta Albaik da makamantanta, da sambusa, da ƙosai, da dankali, a jera su a kan wayar obin ba a cikin faranti ba, yadda iska mai zafi za ta zagaye su, kuma kada su hau kan juna. A fara zafafa obin ɗin zuwa digiri 190 ko 200. Sambusa da ƙosai minti 6 zuwa 8 sun ishe su, kaza mai ƙashi tana kai minti 12 zuwa 15. Na'urar suya da iska tana yin wannan aikin cikin kusan rabin lokacin. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya yi amfani da busasshen kasko a matsakaiciyar wuta yana juyawa. Man da ke jikinsu ya isa. Sake tsoma su cikin mai yana dawo da ƙamas, amma suna shan mai har su gundiri mai ci. Shawarma a warware ta, a cire salak da miyar tafarnuwa a zubar, a ɗumama naman daban, a gasa burodin daban.

Mataki na bakwai: burodi, waina da sauran ƙanana

Tamis da sauran burodin Larabawa a shafa musu jiƙaƙƙen hannu gaba da baya, a ɗora a kasko mai zafi kamar minti ɗaya kowane gefe, a ci nan take, domin idan suka sake hucewa sun fi da tauri. Firiji yana gaggauta taurin burodi, don haka wanda ba za a ci gobe ba firiza ce wurinsa. Waina a mayar da ita tanda ko kasko da ɗigon mai, a rufe cikinta ya yi laushi, a buɗe bayanta ya soyu. Dambu da alale madambaci suke komawa. Ɗanwake da taliyar da ba a haɗa da miya ba a tsoma su cikin tafasasshen ruwa na minti ɗaya ko biyu a tsane. Ful, wato dafaffen waken Larabawa, a ƙara masa ruwan zafi a dama har ya tafasa, sannan a zuba sabon man zaitun ko man shanu da garin kayan ƙamshin da ake kira kamun.

Mataki na takwas: idan maikirowef ne kawai a hannu

Ɗalibai da ma'aikata da yawa ba su da abin ɗumame sai shi. Aibinsa shi ne ba ya raba zafi daidai, wani wuri yana ƙuna wani yana nan da sanyi. A baza abincin a faranti a zagaye, a bar tsakiya a buɗe, a yayyafa ruwa idan shinkafa ce ko tuwo, a kife wani faranti a kai ba tare da an toshe ruf ba. A sa matsakaicin ƙarfi, a riƙa tsayar da shi bayan kowane minti ɗaya ko ɗaya da rabi ana juyawa, idan ya gama kuma a bar shi a rufe minti 1 zuwa 2 zafin ya bazu. Ƙarfe da alminiyam da faranti mai zanen ruwan zinare ba sa shiga, saboda tartsatsin wuta suke yi. Farar robar soso da robar nono ma ba sa shiga; a juye cikin tangaran ko gilashi. Dafaffen ƙwai guda yana iya fashewa, sai an raba shi biyu. Soyayyun abubuwa za su yi zafi a ciki, amma ƙamas ɗinsu ba zai dawo ba.

Mataki na tara: tabbatar da zafi da gyaran ƙarshe

Ɗumi-ɗumi bai isa ba. Ana so tsakiyar abincin ta kai digiri 75. Wanda ba shi da ma'auni sai ya ga miya ta tafasa ko'ina, shinkafa tana fitar da tururi daga tsakiya idan an buɗa ta, nama kuma ya yi zafi har jikin ƙashi. Sau ɗaya ake ɗumama abinci, abin da ya rage daga ɗumame ba ya komawa firiji. Wannan ya fi tsanani idan masu cin yara ne ƙanana, ko tsofaffi, ko mai juna biyu, ko marar lafiya.

Kafin a kai gaban mutane a ƙara wani abu sabo, domin ƙamshin da ke tashi sama shi ne wanda ya gudu da daddare. Kabsa tana farfaɗowa da soyayyar albasa da zabibi da sabon dakkus na tumatir da tafarnuwa da barkono. Nama da kifi suna son lemon tsami da ganyen kuzbara. Tuwo kuma man shanun da aka soya da albasa a lokacin.

Idan babu firiji ko babu wuta

Wanda wutar lantarki ta ɗauke masa ya bar ƙofar firiji a rufe, sanyin yana riƙewa kimanin awa 4. Wanda ba shi da firiji sam, dabarar da aka sani ita ce a tafasa miya sosai kafin a kwanta, a bar ta a rufe ba tare da ludayi ya sake shiga ba, a kuma tafasa ta da asuba. Tana rage haɗari a miyar da aka dafa a daren, amma ba ta da tabbas a zafin bazara, kuma ba ta aiki ko kaɗan a kan shinkafa, salig, ko duk abin da madara ta shiga. Mafita ta gaskiya ita ce a dafa daidai ciki. Idan walima ce babba, a yi magana tun kafin ranar da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin adana ragowar abinci irin su It'am, waɗanda suke zuwa su kwashe abin da hannu bai taɓa ba su raba wa mabuƙata a daren.

Alhazai a Mina da Arfa ba su da hanyar ɗumame, tun da an hana shiga da tukunyar gas wuraren, kuma zafin tanti ba ya ɗaga wa abinci ƙafa. Ƙunshin shinkafa da kaza da aka raba a ci shi cikin awa ɗaya, ko a miƙa wa wanda bai samu ba. Abin da ake ajiyewa a jaka don anjima shi ne dabino, da burodi, da biskit, da 'ya'yan itace masu ɓawo, da lemon kwalin da ba a buɗe ba.